Akawal a Cikin Teku

Wanda ya kira gangaren Ladeira da Praça hanya bai taɓa hawanta da kaya ba. A kanta doki Akawal ya zame wata safiya bayan an ɗauke ruwa, da gangunan ruwa a bayansa, ya miƙe yana ɗingishi. Maigidansa Malam Isma'ila ya ji kamar tasa ƙafar ce ta goce.

Isma'ila Bazamfare ne, a barga aka haife shi, kafin yaƙi ya ci garinsu a sayar da shi zuwa Bahia, can ƙetaren teku, yana saurayi. Da dako ya fanshi kansa, da dako ya sayi baƙin dokin nan yana sayar da ruwa gida-gida. Yanzu ga furfura, wuya ya mutu. In Akawal ya nakasa, sai ya koma ɗaukar buhu a ka daga kasuwar bakin teku ta Comércio zuwa tudu, shi kansa kuwa ya san ba zai kai baɗi ba.

Ya sauke gangunan ya durƙusa. Ya ƙwanƙwasa kofato, doki bai motsa ba. Ya bi ƙashi da yatsa, lafiya lau. Da ya ɗaga ƙafar ya latsa jijiyar da ke bayan ƙwauri, sai Akawal ya zabura har da haniniya. Wurin ya yi zafi rau.

"Jijiya ce," in ji shi. "Da ma ƙaya ka taka, ɗan nema."

Maƙwabta kuwa, mutanen da ko akuya ba su taɓa kiwo ba, kowa ya zama gwani. Wannan ya ce a yi masa lalas, wancan ya ce a harbe shi a huta. Isma'ila ya ja dokinsa zuwa turke. Ya naɗe ƙafar da jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗaure lafiyayyar ƙafar gaba a turke yadda ubansa yake yi. Wata ya mutu wani ya tsaya, kumburi na nan daram.

Sai ga Jummai mai kifi ta leƙo. Bakatsiniya ce, ta yi bautarta a Itapuã wurin masunta, bakinta kuma ba shi da linzami.

"Malam, wa ka gani a ƙasar nan yana ɗaure doki a ƙafa in ba mu ba? Duba mana. In ya fizga, a kan wacce yake faɗawa?"

Ya duba. Ƙuda ya ciji Akawal, ya fizgi ƙafar da ke ɗaure, nauyinsa kaf ya sauka a kan mai ciwon. Wayyo! Ashe kullum turken ne yake sabunta ciwon. Isma'ila ya kwance igiyar.

"Sa masa ragama, ka kai shi teku," in ji Jummai. "Haka ake wa alfadarai a Itapuã. Ruwan ya sanyaya jijiyar, ya ɗauke masa nauyin jikinsa."

"Ni ba na shiga ruwan nan, Jummai."

Ta san dalili. Tun da aka fito da shi daga cikin jirgin bayi da mari a ƙafa, ko ɗigon ruwan teku bai bari ya taɓa shi ba. Ko kallonsa ba ya yi.

Sai ya yi dabara. Kowace hantsi sai ya gangara da doki a hankali zuwa gaɓar da ke bayan rumbunan kaya, ya tsaya kan busasshen yashi da doguwar igiya yana kora shi. Akawal kuwa ɗan halak, ya jiƙa kofato ya tsaya yana waiwayen maigidansa. Inda mai shi ya tsaya, nan shi ma zai tsaya.

Ran nan Isma'ila ya shafa kumburin. Ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya kama ragama.

Sanyi ya kama idon sawunsa, ya hau gwiwa, ya kai ƙugu. Akawal na biye da shi, har ya wuce shi, sai kawai ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinsu. Isma'ila ya cafki geza da hannu biyu yana salati da ƙarfi.

Ikon Allah! Doki yana tafiya babu ƙasa. Hanci a sama yana huci, baƙin jikin nan na tsaga ruwa. Isma'ila, ɗan barga jikan barga, bai taɓa ganin haka ba. A jikin cinyarsa yana jin ƙafar mai ciwon tana miƙewa tana naɗewa, babu ɗar, babu tsoro. Ya ɗaga kai. Ruwa har iyakar gani, rana na wasa a kansa, ga garin can bisa tudu ya koma ɗan mitsitsi. Tsoro da mamaki suka cika shi har ya rasa na riƙewa.

Akawal ya kewayo da kansa, kofato ya taɓa yashi, ya tsaya da ƙafa huɗu ruwa iya ƙirji.

Jummai ta ajiye kwandonta tana ƙwala kira. "Malam! Fito haka nan, kada sanyi ya kama ka!"

Isma'ila ya share fuska, hannunsa ɗaya bisa wuyan doki.

"Bari tukuna," ya ce. "Bai gama jiƙuwa ba."