Kiran Suna a Ɗakin Mushe Manzo

"Kubura Magagi!"

"Ga ni, Mushe."

Kubura ta aje kwanon kunu bakin tabarma tana danne dariya. Mushe Manzo, maƙwabcinta, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, na Filinge (Mushe ake ce wa malamin boko a can), kwana huɗu ke nan bai iya tashi ba, amma ya rantse ba ya shan komai sai ya kira suna. Rajistar ajinsu ta shekarar samun 'yancin kai tana bisa ƙirjinsa. Fari ya watsa rabin ajin. Sauran sun cika ɗakin, masu gemu da masu goyo.

"Haske! Har yanzu kan nan naka rumbu ne ba hatsi?"

"Abin ya ƙaru, Mushe, ko ɓeran ya yi ƙaura."

Ɗaki ya kece da dariya. Habsatu ta tuna masa ranar da ya ɗaga allonta ya tambayi aji kajin wa suka yi dambe a kai.

"Lawali Magagi!"

Lawali ba ya ɗakin. Kubura ta dubi ƙofa, don yayanta ne. Shekara goma sha uku da suka wuce, Mushe ya rataya masa ƙashin jaki a wuya, horon wanda ya yi Hausa cikin aji. Lawali ya jefa ƙashin rijiya, ya bi shanu, bai ƙara gaida Mushe ba. Tun shekaranjiya Kubura ta aika wa Lawali saƙo garin Baleyara, ya taho ya nemi gafara tun da sauran numfashi.

"Shina hanya, Mushe."

"Wa, Lawali? Wannan ko ranar tashin ƙiyama sai an sake busa mishi ƙaho shi kaɗai. Miƙo min alƙalami, ɗiyata."

Ya yi ɗan rubutu a rajistar, sannan ya sha kunu ludayi uku.

Bayan azahar ya cika. Ana dawowa daga maƙabarta Lawali ya diro daga motar hatsi, takalmi a hannu, ya durƙusa bakin ƙofa.

"Kubura, na makara?"

Ta miƙa masa rajistar. Ya bi layin sunansa da yatsa, harafi harafi. A tsakiyar shafi cike da Faransanci, Mushe ya rubuta da Hausa: Ya zo. A makare, kamar kullum.

Lawali ya yi dariya har sai da ya goge ido da bakin rawani. Kubura ta tura masa kwanon kunun, ludayin Mushe na ciki.