Rawar Kofuna a Bayan Labule

Da yaƙi ya ƙare, Ottmar Vielhaber ya dawo garinmu daga gudun hijira, ɗauke da wasan kwaikwayon da ya sa gwamnati ta ƙone littattafansa. Burinsa mutanen gari su kalla har ƙarshe, ko sa yafe masa tafiyar da ya yi ya bar su. Ni kuwa aikina yin ƙara daga bayan labule: iska, tsawa, kukan doki. Tun ina yaro sauti ya fi karatu shiga kaina.

Ranar farko kowa ya shigo da dunƙulen gawayi don ɗumama zauren. Da aka zo wurin ruwan bama-bamai, na kaɗa fallen ƙarfe. Kafin in tsaya, rabin 'yan kallo sun fice.

Uwargida Kuhlmey mai gasa burodi ta tare shi a ƙofa. "Malam marubuci, a can ƙasar lemo aka ce maka haka bam yake? Mu a ɗakin ƙasa kofuna muke fara ji suna rawa a kan kanta."

"Za ki dawo gobe, Uwargida?"

"In na sami gawayi."

Washegari Ottmar ya miƙo mini faranti cike da kofuna. Na girgiza su a hankali, kamar ginin ne ke jin sanyi. Dusar ƙanƙara tana saukowa ta ɓular rufi, tana narkewa a kan hulunan mutane. Ba wanda ya tashi.

Da aka watse, Ottmar ya ce in ƙara girgiza masa su, shi kaɗai.