Kwalba Ɗaya

Maiwada ya sayar da jakinsa ranar kasuwar Makarfi, ya ƙulle kuɗin a lalita, ya nufi rumfar Ya'u mai gyaran rediyo.

Shekara biyu ke nan da tafiyar Turawa. Maiwada manomin rake ne a wani ƙauye kusa da Nasarawan Doya, ya haura sittin, kunnensa ya yi nauyi. Sai an ɗaga murya yake ji, kuma bai taɓa ce wa kowa ya maimaita ba.

Ɗansa na fari, Uwaisu, soja ne. Da aka tura su Kwango sai ya aiko da wani ƙaramin faifai baƙi, bai fi murfin kwano ba, wanda aka ɗauki muryarsa a kai. An rubuta sunansa a tsakiya. An kuma ƙullo allura biyu na itace a cikin takarda, siraru kamar ƙayar aduwa. Ran da saƙon ya iso maƙwabta suka cika gidan, aka ɗora faifan a garmahon da Uwaisu ya bari. Uwarsa Adama ta rufe baki da gefen zane tana dariya tana hawaye. Maiwada yana can gindin rumbu, ya juya baya yana gyaran igiya. Ɗan fari ne. Tun ranar suna bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce yaron nan, balle ya matso a gaban jama'a ya kasa kunne. Abin da ya iso masa bai wuce kukan ƙudan zuma ba.

Bayan wata uku takarda ta zo. Zazzaɓi ya kashe Uwaisu, an binne shi can.

Da aka share makoki, Maiwada ya rufe ɗaki ya gwada faifan shi kaɗai. Ya manna kunne a jikin garmaho, bai ji komai ba sai gunaguni. Ya ɗora laifin a kan allurar. Wace ƙara itace zai yi? Ya watsar da su a bayan ɗaki. Abin da yake so ke nan: ya ji abin da yaron ya faɗa, sau ɗaya, da kunnensa, ba tare da kowa ya sani ba.

Rumfar Ya'u cike take da masu jiran labaran rana. Ahmadu tela, taubashin Maiwada, yana zaune a benci yana cin gyaɗa. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi rake da ruwa.

"Ina da rediyo mai batir, ina da garmaho," in ji Maiwada. "An ce kana iya sa garmaho ya yi magana ta bakin rediyo."

"Ana yi, Baba," Ya'u ya faɗa da ƙarfi. "Akwai rami a bayan rediyon. Amma muryar faifai ba ta da ƙarfi, sai an sa ƙaramin akwati a tsakani ya ɗaga ta kafin ta shiga."

Ya sauko da akwati biyu ya buɗe su. A cikin na farko akwai kwalabe biyu, ƙanana kamar na turare, da 'yan wayoyi a cikinsu. Ya'u ya ce sabo ne, yana zuwa da hannunsa marar nauyi da allurar dutse. Na biyu kwalba ɗaya gare shi, fentinsa ya kwaile, ɗan gwanjo ne daga Zariya. Shi kan da ke riƙe allura ne kawai ake ɗaurawa a tsohon hannun garmaho, a sa allurar ƙarfe.

"Wanne ya fi ƙara?"

"Ƙara dai duk suna yi. Mai biyu ya fi tsabtar murya."

Ya faɗi kuɗinsu. Maiwada ya taɓa lalitarsa. Jakin tsoho ne, kuɗinsa bai kai rabin mai kwalba biyu ba. Mai ɗaya kuwa zai saya har da sabon batir.

"Wane irin faifai ne za ka sa, Baba?"

"Na goge ne!" in ji Ahmadu. "Ku dubi tsohon banza, ya sayar da jaki zai koma tashi rawa. Kai kurma, in an kaɗa ma da me za ka ji?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Maiwada bai ji duka ba, amma ya ga haƙora.

"Faifai dai faifai ne," ya ce.

"Da ka kawo shi na gani."

"Ba ya fita gida."

Ya'u ya juya yana neman sukuddireba, ya sassauta murya don kada a ce yana koya wa dattijo karatu a cikin mutane. Ya ce akwai faifan kanti mai tauri, akwai kuma mai taushi da ake yanka wa mutum guda, shi wannan ba ya shiri da allurar ƙarfe. Maiwada ya ga ƙeyarsa tana motsi, ya san magana yake. Ahmadu yana kallonsa yana jiran ya ce me ka ce.

"To," in ji Maiwada. "Na ji. Ba ni mai ɗaya."

Ya'u ya ɗaura zare ja a waya ɗaya, fari a ɗaya, ya nuna masa inda kowace za ta shiga. Ya ƙara masa gwangwanin allura masu kauri, irin masu ƙara. Maiwada ya ɗora kayan a ka, ya taka har gida, tun da babu jaki.

Washegari da hantsi Adama tana tsakar gida tana surfe. Ya shiga ɗaki ya jawo asabari. Ja a nan, fari a can. Ya murɗa makunni. Kwalbar ta yi shiru, sannan a hankali wani abu ya yi ja a cikinta kamar garwashi a toka. Ya ɗaura allura mafi kauri, ya wana garmaho, ya goge faifan da bakin rigarsa. Ya ɗora shi a kan garmahon. Ya sauke allurar.

Rediyo ta yi kaki, ta yi ƙara. Sai murya ta fito, babba, har ya ji ta a ƙirji.

"Salamu alaikum. Baba..."

Ya ji. Muryar ce, da ɗan kaushin nan da ta yi tun yana saurayi. Tabarya ta tsaya a waje.

Daga nan sai ƙarar karce ta hau kan maganar. Ya ga wani siririn zare baƙi yana naɗewa a bayan allurar. Ya zaci ƙura ce, ya hure shi. Ya ƙara murɗa rediyo, ya manna kunne. Kalmomi suna nan a ƙasa kamar mutum yana magana cikin rijiya, bai kama ko ɗaya ba. Da allurar ta kai tsakiya ya mayar da ita farko, ya ɗora ɗan yatsa a kai ya danna, don ta shiga sosai. Wannan karon ko sallamar ba ta fito ba. Ya sake na uku. Ƙara kawai, kamar ruwan sama a kan kwano.

Ya ɗaga faifan ya kai bakin ƙofa inda haske yake. Baƙin ya kware, farin ƙarfe ya fito zagaye zagaye. Sunan da ke tsakiya ne kaɗai bai taɓu ba.

Kwana biyu bai je gona ba. Ran na uku da la'asar Ya'u ya zo a keke. Ya ce ya je ɗaurin aure Kudan ne, ya ga bari ya ratso ya ji ko akwatin yana aiki. Suka zauna a zaure. Maiwada ya shiga ciki ya fito da faifan a naɗe cikin tsohon rawani, ya ajiye a gabansa.

Ya'u ya warware. Ya karanta sunan. Ya daɗe yana juya abin a hannu.

"Inna lillahi. Baba, ina allurar itacen da ya zo da su?"

"Na zubar."

"Ai su ne nasa. Na faɗa a rumfa, na ce mai taushi ba ya son ƙarfe."

"Na ce maka na ji."

"Da ka ce mini na Uwaisu ne! Allo ɗaya muka wanke da shi a gidan Malam Sama'ila. Wallahi da na ɗauko mai kwalba biyu na kawo har ɗakinka, in haɗa, in fita waje in tsaya. Ko kwabo ba zan karɓa ba."

Maiwada ya dubi bango.

"Mai biyun zai dawo da muryar?"

"Ko mai goma ne, Baba. Akwati ɗaga murya yake yi. Sai akwai ta zai ɗaga."

"A Zariya fa? Kaduna?"

Ya'u ya girgiza kai. Ya ce zai karɓi akwatin ya mayar da kuɗin, ko a sami wani jakin kafin lokacin kai rake. Maiwada ya ce abin da ya saya ya saya. Ya raka shi bakin ƙofa, ya yi masa godiya yadda ya kamata, ya ce ya gaida mutanen gida.

Da ya koma ciki ya tarar da Adama a ƙofar ɗakinsa, ta durƙusa. Ta ji komai ta bayan zana. Shekara arba'in suna tare, ita ma ba ta taɓa kiran sunan yaron ba, kuma tun rasuwar ba su yi maganarsa ba ko sau ɗaya.

"Malam," ta ce. Bai juyo ba. Ta ɗaga murya. "Malam! Ni na ji shi. Sau biyu aka sa ranar, na riƙe duka, ba abin da ya ɓace mini."

Ya tsaya, faifan yana hannunsa.

"Ya gaida kowa da kowa. Amma ƙarshen naka ne, kai kaɗai ya yi wa magana. Na jira ka tambaya, ba ka tambaya ba."

Muryarta ta tsallake zana. A gidan maƙwabta aka daina daka. Maiwada ya ga wani ɗankwali ya tsaya cik a saman darni. In za ta faɗa yadda zai ji, sai unguwa duka ta ji tare da shi. Kuma muryar tata ce za ta fito, ta tsohuwa mai tari, ba waccan da ta ce Baba ba.

Ya shiga ɗaki. Ya zare jan zare, ya zare fari. Ya tura akwatin mai kwalba ɗaya ƙarƙashin gado, ya naɗe faifan ya sa a ƙasan adaka. Adama ta biyo shi har ciki, ta kama gefen rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kawo kunnenka, Malam. Zan sa bakina a kai, ba wanda zai ji. Don Allah ka bari in faɗa maka, kada in mutu da shi."

Ya zare rigarsa daga hannunta.

"A'a," ya ce. "Ba zan ji a bakinki ba."