Jajen Kajin Baffa Maharazu

Tun daga Dutse har Taura Dakta Sa'adiyya ke tuƙi tana ƙunƙuni. Shekara da shekaru ta yi a gonar jami'a tana haɗa irin kajin gida da na waje, har ta samu irin da ke jure zafi, ga yawan ƙwai. Ta raba wa matan wani ƙauye a yankin Taura, mafi yawa kuma ta damƙa wa Baffa Maharazu, dattijon da aka gina wa ɗakin gwaji a bayan gidansa. Da safen nan ya bugo waya: kaji na gyangyaɗi, wuyansu na murɗewa. Ta san ciwon sarai. In ya fita daga ɗakin nan ba zai bar kaza ɗaya a garin ba. Abu guda ta roƙe shi: kada kowa ya shiga.

Tana isowa ta tarar da takalma a ƙofar ɗakin kamar masallacin Juma'a. Kaskon ruwan maganin da ta ajiye don a riƙa tsoma takalmi yana nan tas. Mutanen kirki ne, ba sa shiga wuri da takalmi. Sai su tuɓe, su tsallake ruwan don kada su ɓata mata shi.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma dattawa ne a ciki, dole ta durƙusa. Aka tambaye ta hanya, da gida, da yara, da gajiya, ita ko idonta na kan ƙafafun da ke tattaka kashin kaji.

"Baffa, ba na ce kada a shiga ba?"

"Kin faɗa, Dakta. To jaje suka zo. Wanda ya zo maka jaje ka tare shi a ƙofa? Gobe in gidansa ne fa?"

Ta juya ta dubi kajin. Sai a lokacin ta lura ɗakin ya yi fili. Matattun ba su da yawa, masu ran ma ba su da yawa.

"Ina sauran?"

Hindatu, maƙwabciyar Baffa, ta amsa da fara'ar wanda ya yi aikin lada. "Ai mun ceci masu lafiyar. Kowace ta ɗauki abin da za ta iya ta zuba cikin nata, in ciwon ya wuce mu maido masa da abinsa. Ko gobara ce haka muke yi."

Sa'adiyya ta dafe kai. Ta yi bayani a hankali, ta sake yi da ƙarfi: masu kama da lafiyar nan sun riga sun kwasa, yanzu ciwon yana kowane gida. Aka ce Allah ya kyauta. Wani tsoho ya ƙara da cewa ita ma Allah ya ba ta haƙuri, ga alama abin ya taɓa ta.

Ta ga tsayawa ba shi da amfani. Ta wanke ƙafa da hannu da magani, ta juya Dutse don ta kwaso rigakafi, ko a tsira da wasu. A hanya tana lallashin kanta: ai iyayen irin suna nan a gonar jami'a, ko ƙauyen ya ƙare za a iya sake farawa.

Da ta isa gonar jami'a, ta tsaya daf da ɗakin iyayen kajin, inda rumbun magani yake. Tana ɗaga murfin bayan motar don ta loda rigakafin, wayarta ta yi ƙara. Baffa ne.

"Dakta, ke ma ba mu manta da ke ba. Na ga bayan motar a buɗe, na sa an saka miki manyan kajin guda biyu. Wurinku ai sun fi samun kulawa."

Ɗaya na kwance, wuya a murɗe. Ɗayar ta riga ta dira ƙasa, ta nufi ragar da 'yan uwanta ke cin dusa a ciki.