Citta Cokali Biyu

"Cire hannunki daga kwanon nan," in ji Yaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Auta ta janye hannu, amma bakinta yana nan. "Takardar ta ce citta cokali biyu. Huɗu kika zuba, a kan idona."

"Takardar ce ta yi shekara shida tana wanke wa Baba kaya, ko ni?"

Kwana huɗu ke nan mahaifinsu ya ƙi abinci. Likita ya ce in gobe ta yi bai ci komai ba, sai a kwantar da shi a asibiti a zura masa roba ta hanci. Da safen nan tsohon, wanda yanzu ko sunan 'ya'yansa sai an tuna masa, ya buɗe ido ya ce kek ɗin citta yake so, irin na uwarsu. Uwar kuwa shekararta shida a ƙasa.

Dole ce ta haɗa su a kicin ɗaya, don sun daɗe ba sa ga maciji da juna. Bayan rasuwar, Auta ta ɗauke littafin girkin Umma ta yi gaba da shi, ba ta tambayi kowa ba. Yaya kuma, don haushi, ta tattara tsofaffin kwanuka ta rabar, har da wani lanƙwasasshen cokali da marigayiyar ke awo da shi. Yau ga takarda ba cokali, kuma ba mai tuna girmansa.

Auta ta zaro ɗan sikeli daga jaka za ta auna fulawa.

"Iko sai Allah," in ji Yaya. "Kek za mu yi ko haɗa magani?"

"Da ba ki zubar da cokalin ba, da ban zo da shi ba."

"Da ba ki sace littafin ba, da ban ga fuskarki ba."

A haka aka fasa ƙwai, aka narka bota da zuma, aka tankaɗe fulawa da kirfa. Yaya tana juya ƙullun kamar shi ya yi mata laifi. Auta ta shafe gwangwani da mai, suka juye, aka tura a oben.

"Minti arba'in," Auta ta karanta. "Ki duba agogo."

"Ke ki duba. Ai ke kika saba kallon agogo in kin zo gidan nan."

Nan fa aka buɗe tsohon ƙunshi. Yaya ta lissafo zanin gadon da take canjawa kullum da aikin da ta bari saboda jinya, ta ce wata kuwa sai ta leƙo da ledar lemo ta ɗauki hoto. Auta ta ce sau uku tana kawo mai taimako Yaya tana kora, don wahalar nan ita ce rawaninta, ba ta son a taɓa mata. Wannan ta shiga. Yaya ta ji zafinta har wuya, saboda akwai gaskiya a ciki.

Ƙauri ne ya raba su.

Yaya ta fizgo gwangwanin da tsumma. Saman kek ɗin ya yi kyau, ƙasan kuwa baƙi ƙirin. Ta tsaya tana kallonsa, tsoro ya kama ta, don ta riga ta hango robar nan a hancin ubanta.

"Kin gani ko?" in ji Auta.

Daga ɗaki suka ji tsohon yana kira. "Ya yi? Na ji ƙamshinsa."

Suka kai masa yanka ɗaya a faranti. Auta ta sa wuƙa za ta kankare ƙonannen, ya buge mata hannu. Baƙin ya fara ɓarewa ya kai baki, yana taunawa a hankali, idonsa a rufe.

"Shi ne," ya ce. "Haka take yi. Ta sa a wuta, ta zo ta tsaya a kaina tana faɗa har ya ƙone. Shekara arba'in ban taɓa cin wanda bai ƙone ba." Ya miƙo farantin a ƙara masa. "Yau da wa ta yi faɗan?"

Yaya ta ƙara masa yanka. Ya cinye na biyu, ya sha ruwa rabin kofi, ya koma kan matashi.

"Ku ce mata gobe ma ta yi."

A kicin Yaya ta jiƙa gwangwanin tana kankara da ƙarfi. Auta ta rataya jaka, ta ɗauki littafin, sai kuma ta mayar da shi kan tebur.

"Gobe ƙarfe goma," in ji Yaya.

"Ina da taro a ofis."

"Ai ke kullum kina da shi."

Auta ta juyo, ta cika baki za ta mayar.

"Adana faɗan," in ji Yaya, ba ta waiwayo ba. "Gobe sai mun sa a wuta tukuna."