Kan Mus a Wutsiyar Jirgi

Arlo matuƙin ƙaramin jirgin sama ya ɗaga kowane buhun nama a sikelinsa, ya rubuta nauyin a tafin hannunsa, sannan ya nuna kan mus ɗin da muka harbo, wata ƙatuwar dabba dangin barewa, da ƙafa.

"Wannan ya jira ni gobe."

Na ce, "Gobe? Kafin gobe namun daji sun gama da shi!"

"Verna, laba casa'in ne. Jirgin ya cika."

Mijina Floyd ya ce, "Bar shi mana, sarkin taurin kai."

A garinmu mus ɗin farko da aka harba a kaka, kansa na tsofaffi ne. Mama kuwa tun bazara take zancen romonsa, ga shi jikinta ya ƙi daɗi. Da wane ido zan kalle ta? Arlo na juyawa ya duba mai, na ja kan da kunnuwa, na cusa shi can cikin wutsiyar jirgi bayan buhuna, na rufe da bargo. Har wani daɗi na ji, wai ni mai wayo.

Da ƙyar muka tashi daga bakin kogin da muka yi farauta. Arlo ya dubi allurorin awo da ke kan allon gabansa, ya dubi Floyd. Kusa da allurorin akwai hoton wata 'yar yarinya mai wushirya, an liƙa da salatif.

Hanyar gida ɗaya ce, wata ƙunƙuntar mashiga tsakanin duwatsu biyu, in ka shiga babu wurin juyawa. Muna shiga iska ta danno mu ƙasa. Arlo ya ƙara wuta, hancin jirgin ya ɗaga sama ya ƙi saukowa, wata ƙara ta fara kuwwa a kunnenmu. Na ga ya tura sitiyarin gaba da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta fito.

"Baya ya yi nauyi! Wa ya sa kaya a baya?"

Ta tagata ina iya ƙirga tsagar dutse, har da tsohon fukafukin wani jirgi kwance a cikin ƙanƙara.

"Ni ce," na ce. "Kan ne."

"Wayyo Allah, Verna!" in ji Floyd.

"Jawo shi gaba! Yanzu!"

Na kwance bel, na haye buhunan da rub da ciki. Nauyina da ya koma baya ya ƙara ɗaga hancin, ƙarar ta ƙi tsayawa. Floyd ya kama ƙafafuna. Na laluba, bargo, bargo, sai kunne. Na damƙe, ya fizge mu ni da kan gaba ɗaya, muka zube a bayan kujerar Arlo. Jinin kan ya jiƙa min riga, ni kuwa kuka nake kamar ƙaramar yarinya.

Hancin ya sauko kaɗan-kaɗan. Muka tsallake bakin mashigar, duwatsun ƙasa suna wucewa dab da tayoyinmu.

Da muka sauka Arlo ya kashe inji, bai motsa ba. Na jira zagi, na ma so ya zage ni. Sai ya ɓare hoton nan daga jikin allon, ya sa a aljihu.

"Yau 'yata take cika shekara huɗu," ya ce. "Tana jirana mu yanka kek."

Mama ta sha romonta kwano biyu, tana ta sa min albarka. Ta miƙo min cokali, na kasa karɓa.