Akori-kurar Dalhatu a Layin Mai

A bazara ta biyu bayan an ba Zamfara jiha, man fetur ya yi ɓatan dabo. Siyasa ce ta rikice can Ikko, yau a ƙona taya, gobe a rufe kasuwa, direbobin tanka suka ce ba da su ba, suka ajiye motocinsu. Mutanen da ko hanyar Ikkon ba su sani ba, su ne suka kwana a ciki.

Dalhatu manomin tattasai ne a wani ƙauye na bakin gulbi, tsakanin Gusau da Bungudu. Lambunsa fangali arba'in ne, tattasan ya ɗauki fure gwanin sha'awa, sai ranar Asabar injin ban-ruwansa ya yi tari biyu ya mutu, ko ɗigon mai babu a cikinsa. Duk wanda ya san tattasai ya san in ya kwana biyar ba ruwa cikin irin wannan zafi, fure zai zube, wahalar rani guda ta tafi a banza.

Ranar Lahadi aka ce akwai mai a Tsafe. Dalhatu ya rungumi jarkarsa, ya ɗare bayan wata motar hatsi. Ya bi layi tun hantsi har la'asar, rana ta gasa shi son ranta, da ya iso bakin famfo kuwa mai zuba man ko kallonsa bai yi ba.

"Malam, ba mu zuba wa jarka."

"Don mi?"

"Hukuma ta hana. An ce da man jarka ake ƙone-ƙone. Sai tankin mota ko na babur."

"Kai, dube ni da kyau! Na yi maka kama da mai ƙone gari? Tattasai nake nomawa!"

"To, je ka zo da mota."

Mota! Kamar abin da ake tsinta a bola. Haka ya dawo gida da jarkarsa fayau, yana tsine wa siyasa da duk wanda ya ƙirƙiro ta.

Washegari da safe yana zaune a tsakar gida ya haɗa kai da gwiwa, matarsa Shafa'atu tana watsa wa kajinta tsaba. Mace ce marar yawan magana, amma in ta yi ɗaya sai an juya an dube ta. Ta ce, "Malam, tunda mota suke so, ba ga mota ba?" Ta nuna bayan rumbu da baki.

Akori-kurar marigayi mahaifinsa ce, tsohuwar fijo, shekara tara tana kan duwatsu. Injinta tuni aka sayar, an ce yana can 'Yankuzo yana niƙa. Kujerun awaki sun cinye, kaji sun mai da ita ɗakin kwana. Amma sitiyari na nan, lamba na nan gaba da baya, tanki ma na nan.

Dalhatu ya dubi motar, ya dubi matarsa, ya zabura ko takalmi babu sai wurin taubashinsa Ɗahiru mai faci. Su biyun tun suna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Da Ɗahiru ya ji bayani sai da ya faɗo daga kan benci don dariya.

"Bawana, ashe haukan naka ya nuna! Aradu da ni za a yi."

Kafin azahar ya tono tayu huɗu da suka suɗe kamar tafin hannu, ya cusa musu tsumma da ƙaiƙayi, ya ɗaura. Ya ɗauraye tanki da ɗan kananzir, ya sa baki ya hura, ya kasa kunne, ya ce ba ya yoyo. Aka ɗaura wa bijiman huɗar Dalhatu biyu karkiya, aka ƙulla igiya a gaban mota. Sai da suka ɗaga bonet suka ga aiki: a gurbin inji, cikin wani tsohon kasko, ga kazar Shafa'atu wake-wake ta baje a kan ƙwai goma sha biyu, tana hararar kowa.

Shafa'atu ta ce, "Kada wanda ya taɓa ta. Kwananta sha tara tana kwanci, in an ɗaga ta daga nan ba za ta koma ba. Ku tafi da ita, ku riƙa ba ta ruwa. Amma Malam, ka dawo mini da ita da abin da ke ƙarƙashinta."

"An gama."

"Lambun fa?"

"Gobe war haka ina nan da mai," in ji shi, yana zura babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Wai direba ba ya shiga birni da rigar gona.

A bakin Gusau suka kwance shanun, suka ɗaure su a gidan surukin Ɗahiru, suka tura motar da hannu zuwa gidan man da aka ce tanka za ta zo. To, ga inda abin ya yi daɗi: layin nan da ba a hango ƙarshensa, kusan babu motar da ke da ko cokali guda na mai. Kowa turawa yake yi. Mai marsandi na turawa, mai tasi na turawa, 'yan kabu-kabu na jan baburansu kamar masu kai akuya kasuwa. Wa zai gane wadda ba ta da inji? Akori-kura ta shige layi tsaf, Ɗahiru ya sa mata dutse a taya, don birki ma babu.

Wayyo, Dalhatu! Mutumin da ko keke bai iya ba, kafin magariba ya zama Alhaji Direba. Ya ciro makullin rumbunsa yana kaɗawa a yatsa. Mai shayi ya ba shi wuri a tsakiyar benci. In ana hirar hanyar Kaduna sai ya girgiza kai ya ce ramukan nan sun gama da shi, alhali iyakarsa Tsafe. Har shawara ya ba wani mai tasi a kan kafireto, mutumin ya yi godiya.

Ranar Talata wani tsohon bakanike ya zagayo, ya shafa jikin motar kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata.

"Allahu akbar, fijo irin ta da! Alhaji, buɗe mini in gai da injin nan."

Dalhatu ya yi tsalle ya zauna a kan bonet. "Baba, hutawa yake yi."

Daidai nan kazar ta yi ƙurƙur daga ciki. Bakanike ya karkata kai. "Wane irin ƙara ne wannan, mota a kashe?"

Ɗahiru ya ce, "Fanbel ne, Baba. Haka yake yi in ya ji zafi."

Tsohon ya tafi yana waiwaye, yana cewa shekara talatin yana gyaran fijo bai taɓa jin haka ba. Su kuwa suka faɗa bayan mota suna dariya har da hawaye, kowa na toshe bakin ɗan'uwansa. Duk sanda za a ba kaza ruwa, sai Ɗahiru ya baza rigarsa ya kare, Dalhatu ya zura gwangwani ta ƙasa.

Da rana ta take sai ga hayaniya daga cikin gari. Wasu samari suka wuce da ganye a hannu suna ihu, motar 'yan sanda na biye da su, masu shaguna suka ja ƙofofi, mai gidan man ya sa kwaɗo a famfo ya sulale. Tanka ba ta zo ba. Dalhatu ya ɗan tuna lambunsa, amma sai aka kira shi ya raba gardama a kan taya, ya tafi yana kaɗa makulli.

Laraba, kwana na biyar, ana idar da sallar asuba labari ya faso: tanka ta biyo hanyar Sakkwato, direban ya ji ana hayaniya a Gusau, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai shigo ba, a Bungudu zai sauke. Layi ya ruɗe. Masu ɗan ragowar mai suka tayar suka fice, sauran suka tsaya suna kallon motocinsu suna salati. Wa zai tura mota daga Gusau har Bungudu?

Ɗahiru ya dubi Dalhatu. Dalhatu ya dubi Ɗahiru. Nan take suka kwasa da gudu sai gidan suruki.

Jama'a, ranar an ga abu! Bijimai biyu a gaba, Ɗahiru zaune kan rufin mota da tsumagiya, Dalhatu a sitiyari cikin babbar riga, hannu ɗaya a waje. Da yake ba oda, da baki yake yi: "Fiiib! Fiiib! A ba da hanya!" Layin Gusau kaf ya juyo yana kallo baki buɗe, tsohon bakaniken nan ya dafe kai. A hanya suka riƙa wuce waɗanda suka riga su fita, man ya ƙare musu a tsakiyar daji. Wani Alhaji mai marsandi, wanda jiya ya ce a janye masa wannan gwangwanin daga kusa da motarsa, yana tsaye yana fifita da hula. Dalhatu ya ɗaga masa hannu.

"Alhaji, sannu da hutawa! A gai da Bungudu?"

Suka ɗauki tsofaffi mata uku da ƙorensu na nono, suka ɗauki wani ɗan kabu-kabu har da babur ɗinsa. Matan suka kama guɗa, yara na ƙauyuka suka biyo su suna tafi. Da suka zo mararrabar ƙauyensu ma Dalhatu bai ko waiga ba, yana can yana amsa gaisuwa.

Ana kiran azahar suka shiga Bungudu, su ne na goma a layi. Suka kwance shanu a gindin wani bedi, suka tura. Da mai ya fara kwarara cikin tankin, Dalhatu ya ji kamar a maƙogwaronsa ake zubawa don daɗi. Aka cika shi fal, ya biya. Sai wani sajan da aka ajiye yana tsaron famfo ya buga bonet da kulki.

"Direba, tayar da ita ka ba na baya wuri."

"Ranka ya daɗe, sai an tura."

"A tura ka ba ta wuta mana."

Dalhatu ya sosa ƙeya. Sajan ya ƙanƙance ido, ya kasa kunne, don wani ɗan tsiu-tsiu ne ke fitowa daga gaban motar. "Buɗe nan."

Ba yadda zai yi, ya ɗaga. Kaza ta buɗe fukafukai ta yi kan sajan, ƙarƙashinta kuwa ga 'yan tsaki sun ƙyanƙyashe, wasu ko bushewa ba su yi ba. Gidan mai ya kwashe da dariya gaba ɗaya. Mai zuba mai ya saki tiyo ya riƙe ciki, wata cikin tsofaffin nan ta zauna daɓas a ƙasa tana neman a ba ta ruwa.

Sajan ya cije leɓe, ya ce, "Ina injin?"

Ɗahiru ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ga shi can gindin bedi yana cin harawa."

Sajan ya zagaya motar a hankali. Ya duba lamba, ya ƙirga tayu, ya ƙwanƙwasa tanki, kafaɗunsa na rawa. "Ni dai jarka aka ce in hana, ban kuwa ga jarka ba. Ku ɓace mini da gani kafin babbana ya ji ina dariya a bakin aiki."

La'asar sakaliya suka iso ƙauye, Dalhatu na rera waƙar da ya ƙaga wa kansa, ya sa aka ja motar kai tsaye zuwa lambu. Yana sauka waƙar ta yanke. Shukokin da ke can sama sun yi yaushi, furensu ya zube fari fat a ƙasa. Amma daga tsakiya zuwa bakin gulbi, fiye da rabi, ganye shar yake, gindin kowane tattasai da danshi. Ga wata 'yar hanya sabuwa da sawu ya fitar, daga ramin ruwa ta haura gangaren gulbi.

A kan hanyar nan Shafa'atu ta ɓullo, tulu a ka, tana hawowa taki ɗaya-ɗaya. Da ya kira ta ba ta iya juya wuya ba, sai da ta juyo da jikinta duka. Ya ruga ya sauke mata tulun, ya ga gammon ya jiƙe sharkaf, tafin hannunta duk ya yi kanta ya fashe.

"Tun yaushe?"

"Tun da kuka tafi. Na sama ne ban kai gare su ba, Malam, ka yi haƙuri."

Kunya ta kama Dalhatu, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Kwana biyu yana kaɗa makullin rumbu ana ce masa Alhaji, ita tana nan tana hawa da sauka, kuma ita ce mai ba shi haƙuri. Ko Ɗahiru, da bakinsa ba ya mutuwa, sai ya juya ya kama kwance wa shanu karkiya.

Ta ce, "Ina kazata?"

Ya ɗaga bonet. Ta leƙa, ta ƙirga da yatsa, fuskarta ta washe. "Sha ɗaya. Sha biyu fa na ba ka."

"Ɗayan bai fashe ba."

"To, direba, an yafe maka."

Ya tuɓe babbar rigar ya shimfiɗa mata a bakin fangali, ya ce ta zauna, kada ta ƙara taɓa komai. Ya zura tiyo a tanki ya zuƙo mai, ya cika injin ban-ruwa, ya ja igiya. Ja na uku injin ya kama. Ruwa ya taho ta kwalbatin ƙasa yana ture busasshen fure, Shafa'atu ta miƙa ƙafafunta da suka faffashe a ciki, ta lumshe ido. Dalhatu ya ɗauki tulun ya kai shi can bayan mota ya kife.